Kurkuku ko biyan diyya: yaron da ya saci waya a Katsina

Ɗan shekara 19 ya zare waya a babbar kasuwa. In aka kai shi gidan yari, mai waya ya huce, amma wayarsa ba ta dawo ba. Yaron kuwa zai kwana da gaggan ɓarayi, wataƙila watanni yana jiran shari'a, kamar yawancin fursunonin ƙasar nan. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ɗaya hanyar, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanade ta: aikin al'umma da sulhu. Ya biya kuɗin, ya share kasuwar a gaban mutane, mai unguwa da ubansa suna lura. Kunyar nan ba ƙarama ba ce.

Ni na fi son ta biyun, ban da ga wanda ya zaro wuƙa.