Waya ko kwamfuta: wacce ta fi amfani ga mai ƙaramar sana'a wajen ajiye fayil da yin talla?

Wata 'yar'uwa a wannan zaure, wadda take saro atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari tana sayarwa daga gida, ta ce hotunan kaya sun cika mata waya, har ta kai idan kwastoma ya ce a sake turo masa hoton wata atamfa sai ta daɗe tana lalube kafin ta gano shi. An ba ta shawarar ta sayi kwamfuta domin harkar ta gyaru kuma tallanta ya faɗaɗa, shi ne take tambaya ko ta zuba kuɗin da ta tara a kwamfutar, ko kuwa wayar da ke hannunta ta wadatar.

Hajiya, a fagen talla waya ta yi wa kwamfuta fintinkau, a fagen tsara fayiloli da lissafi kuwa kwamfuta ce a gaba. Sai dai matsalar da kika bayyana ta rashin tsari ce, kuma idan kika kwashe hotunan nan yadda suke kika juye su a sabuwar kwamfuta, laluben da kike yi a ƙaramin allo shi za ki koma yi a babba. Bari mu ɗauki ayyukan ɗaya bayan ɗaya, mu ga yadda kowace na'ura take yin su.

Aiki na farko shi ne sa wa fayil suna da ajiye shi a inda ya dace. Hoton da ya shigo ta WhatsApp yakan zo da suna irin IMG-20250314-WA0007, wanda ba ya gaya miki ko atamfa ce ko rasit ne ko hoton biki, don haka ko kin rubuta kalma a wurin bincike babu abin da zai fito. Idan kuwa kika sauya masa suna ya koma “2025-03-14 atamfa shuɗiya mai ganye”, to duk ranar da kika rubuta “shuɗiya” zai bayyana nan take. Dalilin fara rubuta shekara, sannan wata, sannan rana shi ne, na'ura tana jera sunaye ne daga harafin farko, saboda haka wannan tsari zai sa kayan su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo. Ki yi amfani da ƙaramin layin kwance (-) wajen raba lambobin, domin Windows ba ta yarda a sa karkataccen layi (/) ko alamar tambaya a cikin sunan fayil. A waya ana iya wannan aiki da manhajar Files ta Google ko wadda ta zo da wayar, amma kusan kowane hoto sai an danne shi an sauya masa suna shi kaɗai, abin da ke gajiyar da yatsa idan hotunan sun kai ɗari. A kwamfuta kuwa za ki zaɓi hoto ashirin lokaci guda, ki danna maɓallin F2, ki rubuta suna ɗaya, ita da kanta ta bi su da lamba 1, 2, 3 har ƙarshe. Sabuwar folda ma da danna maɓallan Ctrl da Shift da N tare ake buɗe ta. A nan babu gardama, kwamfuta ta fi sauri nesa ba kusa ba.

Amma tsarin da ya kamata ki bi ɗaya ne a duka biyun, kuma bai wuce manyan folda huɗu ba: ta kaya, ta rasit, ta talla, da ta kwastomomi. A cikin ta kaya ki raba atamfa daban, leshi daban, shadda daban, sannan ki ƙara wata ki kira ta “an sayar”. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi kowacce amfani, domin da zarar turmi ya fita sai ki matsar da hotonsa can, kamar yadda mai shago yake sauke abin da ya ƙare daga kanta. Babu abin da ke zubar da ƙimar mai sayarwa kamar ta tallata kaya, kwastoma ta zaɓa har ta turo kuɗi, sannan a ce mata ai wannan ya ƙare tun makon jiya.

Akwai bambanci tsakanin kwafa da matsarwa da ya kamata ki riƙe. Ctrl da C suna yin kwafi su bar na asali a inda yake, Ctrl da X kuma suna ɗauke shi gaba ɗaya, sai Ctrl da V su sauke shi a sabon wuri. Idan hannu ya kuskure, Ctrl da Z suna mayar da abin yadda yake. Abin da aka goge a kwamfuta yakan tafi kwandon shara inda za a iya dawo da shi, kuma yawancin wayoyin zamani ma suna da irin wannan kwando a manhajar hotuna, wanda ke riƙe abin na wasu makonni. Filash ce ba ta da wannan rangwame, domin abin da aka goge daga cikinta ba ya bi ta kwandon shara.

Batun da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne inda kwafi na biyu yake, kuma a nan babu wadda ta fi wata, domin waya takan faɗa ruwa ko a fizge ta a kasuwa, kwamfuta ma takan mutu ba tare da sallama ba. Google Drive tana ba kowane mai asusun Gmail gigabait 15 kyauta, wanda yake rabawa da saƙonnin imel da Google Photos, OneDrive ta Microsoft kuma tana ba da 5. Wannan ya isa ga dubban hotunan kaya da rasit, bidiyo ne kawai ke cinye shi da wuri, kuma abin da aka goge a Drive yana zama a kwandon shara kwana 30. Filash ba ta cin data, amma tana ɓata, tana lalacewa, kuma ita ce babbar hanyar da cutar kwamfuta ke bi a shagunan buga takardu, musamman wadda ke ɓoye folda ta bar wasu gumaka na bogi masu 'yar kibiya a madadinsu. Idan za ki kai aiki a buga, gara ki tura wa mai shagon ta imel ko WhatsApp da ki miƙa masa filash ɗin da dukan ajiyarki ke ciki. Sannan ga wani abu da ake yawan sakaci da shi: mutane da dama mai sayar da waya ne ko wani yaro a gida ya buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba, ba su kuma san lambar da aka ɗaura a kai ba. Ranar da wayar ta salwanta, hotunan suna nan a ajiye amma babu mabuɗi. Kafin ki yi tunanin sayen komai, ki tabbatar kin san kalmar sirrinki, kin rubuta ta a takarda kin adana, kuma layin da ke kan asusun naki ne.

Sai jerin farashi da takardar kuɗi. Ko a ina kika rubuta, kada ki tura wa kwastoma fayil ɗin Word, domin yana iya buɗewa a hargitse a wayarsa, kuma kowa yana iya sauya farashin da ke ciki. PDF ce ta dace, saboda tana riƙe tsarin shafi yadda kika bar shi, kuma tana tafiya da salon haruffan da aka yi amfani da shi, wanda ke da muhimmanci gare mu masu rubuta ƙ da ɗ da ɓ, haruffan da sukan koma akwatuna a na'urar da ba ta da su. A kwamfuta ana zaɓar Microsoft Print to PDF a wurin bugawa, a waya kuma Google Docs da WPS Office duk suna fitar da PDF. Inda tazarar take shi ne lissafi: jadawalin Excel mai layi ɗari biyu na masu bashi da masu biya kaɗan-kaɗan azaba ne a allon waya, alhali a kwamfuta za ki ga komai a shimfiɗe ki tara jimilla cikin ƙiftawar ido. Idan masu bashin naki ba su wuce goma sha ba, littafi da biro ma sun isa.

Da muka zo kan talla sai lissafin ya juya. Waya ce ke ɗaukar hoton, ita ce ke ɗaukar saƙon murya wanda yawancin kwastomominmu suka fi so a kan rubutu, kuma ita ce ke tare da ke a kasuwa lokacin da sabon kaya ya sauka. WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018, kyauta ce kuma tana da kundin baje koli mai ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotonsa da farashinsa, ga saƙon maraba da amsoshin da ake tanada tun kafin a tambaya. Wannan kundin kaɗai zai rage miki laluben da kika yi kuka da shi, tunda kwastoma zai shiga ya duba da kansa. Sai dai ki san iyakarta: sitatus yana gogewa bayan awa 24 kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kawai ke ganinsa, saƙon bai-ɗaya (broadcast) kuma yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda amma ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarki ba. Saboda haka roƙon kowace sabuwar kwastoma ta ajiye lambarki wani ɓangare ne na tallan. Ki kuma rage yawan hotuna, domin mai kallo yakan tsallake sitatus mai hoto arba'in, amma yakan tsaya a kan biyar masu kyau da aka rubuta farashinsu. A ganina ɓoye farashi da cewa a biyo ta akwatin sirri yana korar masu saye fiye da yadda yake jawo su.

Hoton yadi yana da nasa sharuɗɗan. Ki ɗauka da rana a inuwa, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, domin hasken ƙwai yana sauya launi, kuma shuɗin da ya koma kore a hannun kwastoma shi ne mafarin rigimar a dawo da kaya. WhatsApp tana matse hoto ta rage masa inganci, don haka idan zanen leshi ne ake son gani dalla-dalla, ki danna alamar HD ko ki tura shi a matsayin takarda (Document). Haka nan kada ki kai wa mai buga takardar talla hoton da aka kwafo daga allon waya, zai fito dishi-dishi. Yawancin masu wannan aiki da manhajar zane ta CorelDRAW suke tsarawa, saboda haka idan sun yi miki tambari ki karɓi kwafinsa na PDF da na PNG marar bango, ki sa a foldar talla, don kada gobe ki sake biyan kuɗin abin da kika riga kika biya. Canva, manhajar tsara hoton talla, tana aiki a na'urorin biyu, ko da yake jan rubutu da daidaita shi ya fi daɗi da linzamin kwamfuta.

Facebook da Instagram da TikTok su ne ke kai ki ga waɗanda ba su san ki ba, kuma dukansu an fi sarrafa su a waya. Idan za ki biya kuɗi a tura tallanki, ki taƙaita shi ga garin da za ki iya aika kaya, ki fara da ɗan kaɗan, sannan ki ƙirga mutum nawa suka yi magana har suka saya, domin ba girin-girin ba dai ta yi mai. Yawan masu danna alamar so ba ya biyan kuɗin sari. Sa shago a taswirar Google kyauta ne kuma yana da amfani ga mai rumfa a kasuwa, amma ke da kike sayarwa daga gida, ban ga hikimar bayyana adireshin gidan aure ga duk wanda ya bincika ba. Abin da kwamfuta take ƙarawa a nan kaɗan ne: za ki iya haɗa WhatsApp ɗinki da ita ki amsa saƙonni da sauri, ki kuma tsara tallan mako guda a Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan Facebook da Instagram, ya riƙa fita da kansa.

Shawarata ita ce ki bar kuɗin a cikin jari tukuna, ki ware yammaci biyu ko uku ki tsara wayar yadda aka bayyana, ki ɗora kayan a kundin WhatsApp Business, ki kunna ajiyar Google. Idan wurin ajiya ne ya yi kaɗan, katin ajiya ko filash mai shiga waya kai tsaye sun fi kwamfuta araha ƙwarai, ga shi waya tana rayuwa da ƙaramin batirin tafi-da-gidanka a ranar da babu wuta. Lokacin sayen kwamfuta zai zo ne idan kin fara bayar da sari ga masu sayarwa da yawa, ko kin ɗauki mai taimaka miki, ko jadawalin bashi ya fi ƙarfin littafi. A ranar, idan ta hannu za ki saya, ki tafi da wanda ya san kan abin, ki nemi mai ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD da ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, gigabait 8, ki cire caja ki ga tsawon lokacin da batirin zai riƙe, sannan ki tabbatar tana ɗaukar Windows 11, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025.