Zawon ƙudan zuma a hunturu: abinci ne ya ɓaci, ko nosema ce?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon zuma. Malam na Mirya, na ga tambayarka tun shekaranjiya, sai yau Allah ya ba ni sararin amsawa. Ka ce akwatuna biyu cikin bakwai da ka ajiye a gefen lambu sun ɓata bakin ƙofa da ɗigon kashi ruwan ƙasa-ƙasa, da safe kuma kana tarar da wasu ƙudan suna rarrafe a ƙasa. Wani ya ce maka nosema ce, ka fasa kafso cikin ruwan sukari ka ba su. Kana son sanin ko ka sa.

Don Allah kada ka sa. Abu biyu ne suka fi kawo abin da ka gani, kuma kafso ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Na farko zawo ne kawai, irin wanda ɓataccen abinci ke sa wa. Ƙudan zuma mai tsabta ne, ba ya kashi a cikin gida, sai ya tashi ya yi nesa. Idan ruwa ya yi wa hanjinsa yawa ne yake kasa riƙewa, ya saki a bakin ƙofa ko a kan saƙa. Ruwan sukarin da aka tsinka shi da yawa yana jawo haka, haka ma wanda ya kwana uku a kwano har ya yi tsami, da zumar da ba ta nuna ba ta fara kumfa. Mazarƙwaila da jan sukari su ma suna cikin lissafi, domin akwai datti a cikinsu wanda cikin ƙudan ba ya narkarwa. Wannan ba cutar da ake ɗauka ba ce, akwatin kusa ba zai kamu ba sai in shi ma ya sha abin da wancan ya sha.

Na biyu ita ce nosema, ita kam cuta ce ta gaske. Ƙwaya ce 'yar ƙarama ƙwarai, dangin funfuna, wadda ke shiga bangon hanjin babban ƙuda ta hayayyafa a ciki, har ƙuda ɗaya ya ɗauki miliyoyinta cikin mako biyu. Iri biyu aka fi sani. Nosema apis, wadda Bajamushe Enoch Zander ya bayyana a 1909, ita ce ta ƙasashen sanyi, ita ce kuma aka saba haɗawa da zawo. Nosema ceranae kuwa a 1996 aka fara bayyana ta a jikin ƙudan zuman Asiya, sai wajen 2005 zuwa 2006 aka gano ta a irin namu, a Taiwan da Sifen. Ita wannan ta biyun ta fi jure zafi, kuma sau da yawa ba ta sa zawo ko kaɗan. Sai dai ka ga amya tana raguwa a hankali, masu fita kiwo suna mutuwa can a daji, kai kuwa ba ka ga gawa ba. Ka ga ke nan ana samun zawo babu nosema, ana kuma samun nosema babu zawo.

A nan ne nake son mu yi hattara da abin da muke karantawa a waya. Yawancin shawarwarin hunturu daga Turai da Amurka suke fitowa, inda ƙanƙara ke kulle ƙudan a cikin akwati makonni, wani lokaci watanni, ba fita ba kashi. Cikinsu ya cika, su ɓata saƙa, masu shara su lashe, cuta ta zagaye gida. Mu a Damagaram sanyin Disamba da Janairu na dare ne da asuba. Ko ranar da hazo ya rufe gari, hantsi na yi za ka ga suna fita, suna kan gawo ko furen mangwaro. Matsalar hunturunmu ta fi karkata ga ƙarancin fure da ƙishirwa da iska mai busar da komai. Duk wanda ya je injin niƙa a wannan lokaci ya ga yadda ƙudan zuma ke dirar wa garin gero da na masara, suna dunƙula shi a ƙafa saboda garin fure ya yi wuya. Don haka in na ga zawo a amyar Damagaram a Janairu, abin da na fara tambaya shi ne me suka ci, ina kuma suke shan ruwa.

Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. Wata shekara na dama musu sukari a tasa, tafiya ta kama ni, na yi kwana huɗu. Da na dawo na ɗaga murfi, tsami ne ya fara bugun hancina, ruwan ya yi kumfa, gawar ƙudan na yawo a kai, gaban akwatin kuma ya yi dabbare-dabbare kamar an yayyafa kunun tsamiya. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan na kashe su. Na zubar, na wanke tasar da ruwan zafi, na goge bakin ƙofa don in ga ko sabon ɗigo zai fito. Kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya.

Wannan goge bakin ƙofar shi ne gwaji mafi sauƙi. Zawon abinci yana zuwa farat ɗaya, bayan an canza musu wani abu, yana kuma tsayawa cikin kwanaki kaɗan da zarar an ɗauke abin. Ƙudan na nan da yawansu da zafinsu, ka matsa su sanar da kai. Nosema ba ta yin gaggawa, kuma canjin abinci ba ya tsayar da ita. Gida yana yin sanyi, masu renon 'ya'ya suna kasa samar da abincin reno, ƙwai da tsutsa na nan amma manyan da za su rufe su sun yi kaɗan, wani lokaci har sarauniyar ta kamu su nemi canza ta.

In kana da ƙarfin hali, kama ƙuda goma daga masu dawowa kiwo da tsakar rana, ka kashe su, ka riƙe ƙirji, ka ja ƙarshen bayan da matsefata a hankali, hanjin zai biyo. Mai lafiya yana da launin ƙasa-ƙasa da zobba-zobba a jere. Wanda nosema ta ci sosai fari ne kamar nono, ya kumbura, zobban sun ɓace. Amma wannan yana nuna wanda ya yi nisa ne kawai. Tabbas ɗin yana ga mikroskof. Ka tara ƙuda 30 daga kowane akwati, kowanne a kwalbarsa da alkol na kantin magani, ka rubuta lambar akwati, ka kai wa likitan dabbobi a ofishin kiwo. Ana niƙa cikinsu da ruwa, mililita 1 ga kowane ƙuda, a ɗiga a gilashi a duba da girman sau 400. Ƙwayoyin suna fitowa kamar ƙananan tsabar shinkafa masu ƙyalli. Aikin bai kai wahalar gwajin zazzaɓin cizon sauro ba.

Batun magani kuma, kafso da su tetrasiklin na ƙwayoyin bakteriya ne, nosema ba ta cikinsu. Abin da za su yi shi ne kashe ƙwayoyi masu amfani da ke hanjin ƙudan, su kuma zauna cikin zumar da za ka sayar wa mai neman ta don magani, mutumin da ya amince maka. Wannan ne ya fi damuna. Maganin da aka sani na nosema sunansa fumagillin, shi ma yana rage ta ne, ba ya kashe ƙwayoyin da ke kwance a saƙa, kuma Tarayyar Turai ba ta ba da izinin amfani da shi ga ƙudan zuma ba.

Abin da za ka yi yau iri ɗaya ne ko wanne ne cikin biyun. Ɗauke duk abincin da ka ba su. In dole sai an ciyar, farin sukari mudu biyu a ruwa mudu ɗaya, iya wanda za su shanye a yini, ka sa da yamma don kada na wasu akwatunan su kawo fashi. Ajiye ruwa mai tsabta kusa, da tsakuwa ko karan dawa a ciki don kada su nitse, kana canza shi kullum, ka kuma ɗan rufa masa inuwa yadda kashin masu wucewa ba zai faɗa ciki ba. Rage faɗin ƙofa, juya ta daga iskar gabas. Kada ka ɗauki saƙa daga waɗannan biyun ka sa wa sauran biyar. Kuma kada ka yi ta buɗe-buɗe da hayaƙi, ka san halin ƙudanmu, a lokacin yunwa in ka dame su sai su tattara su bar maka akwati wayam.

In gwaji ya nuna nosema ce, nan hanya ta rabu. Da zarar fure ya buɗe sosai, ka riƙa cire tsoffin baƙaƙen saƙa kaɗan-kaɗan, ka narkar da kakin, su gina sabuwa. Akwatin da aka fitar da su a ciki ka kankare shi ka babbake cikinsa da wuta. Kada ka dogara da zafin rana na Afrilu ya kashe ƙwayoyin, domin ceranae tana jure zafin da ke kashe 'yar'uwarta. Amyar kara ko ta zana da ta ɓaci ba ta wankuwa, ƙona ta ya fi.

Abu ɗaya ya rage, tunda ka ce a gefen lambu suke. Tambayi masu kabeji da tumatir ko sun yi feshi a kwanakin nan. Guba tana zubar da ƙudan da yawa a yini ɗaya, suna karkarwa, harshe a waje, kuma tana taɓa akwatuna masu ƙarfi kafin raunana. In haka ka gani, ka roƙe su su riƙa feshi dab da magariba, lokacin da ƙudan sun koma gida. Goge bakin ƙofofin yau, Malam, ranar Juma'a ka faɗa mana abin da ka tarar. Allah ya ba da sa'a.