Sharhi kan aikin kamfanin da ya saita mana sabar imel a Nima

Kamfaninmu yana shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma kusan duk takardun cinikinmu ta imel suke bi, don haka da saƙonninmu suka fara dawowa ba tare da sun isa hannun abokan hulɗa ba, sai muka ɗauki wani ƙaramin kamfanin matasa masana kwamfuta a nan Accra domin ya duba sabar, wato kwamfutar da ke karɓa da aika imel ɗinmu, da ke ofishinmu na Nima. Aikinsu ya gamsar da ni, amma da sauran gyara.

Sabar tamu tana aiki ne da Postfix, manhajar da Wietse Venema ya rubuta a IBM aka fitar da ita a 1998, kuma ita kanta ba ta da laifi. Wanda ya fara saita ta ne ya faɗaɗa jerin adireshin da aka amince wa, har ya zama baƙi daga waje suna iya miƙa mata saƙo ta isar musu duk inda suke so ba tare da ta tambayi ko su wane ne ba. Masu watsa saƙonnin damfara suka gano haka, suka mai da ita zauren da ba mai gadi, adireshin sabarmu a intanet kuwa ya faɗa cikin jerin toshewa irin na ƙungiyar yaƙi da saƙonnin banza ta Spamhaus, wanda manyan sabobi ke dubawa kafin su karɓi saƙo.

A nan ne na ga ƙwarewarsu. Postfix yana bin dokokin isar da saƙo ne bi da bi, ta farkon da ta yanke hukunci ita ce ke aiki, saboda haka doka mai kyau da aka ajiye a gurbin da bai dace ba daidai take da babu. Tun daga fitowa ta 2.10 a 2013 manhajar ta ware wa dokokin isarwa sashensu na daban, kuma can suka mayar da namu. Saƙo yana shiga sabar ne ta ƙofofi masu lamba, kuma ƙofa ta 25 suka bar ta ga sabobin waje, tana karɓar saƙon da aka aiko wa sunan yankinmu kaɗai, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshinmu na imel. Ma'aikata kuma aka mayar da su ƙofa ta 587, inda dole a fara ɓoye abin da ke bin hanya da tsarin TLS, sannan mutum ya ba da sunansa da kalmar sirri, Dovecot, manhajar da ke kula da akwatunan imel, ya tantance shi. Sun ƙara wata doka da ta fi burge ni, wadda ke hana ma'aikaci aika saƙo da adireshin da ba nasa ba. Duk wanda ya san yadda ake yaudarar 'yan kasuwa da saƙon bogi na sauya lambar asusun banki ya san darajar wannan.

Bayan haka suka rubuta bayanan SPF da DKIM da DMARC a DNS, kundin sunayen intanet. Na farko yana faɗin sabobin da aka yarda su aika da sunanmu, na biyu sa hannu ne a kan kowane saƙo, na uku kuma yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da bai cika sharaɗi ba. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara kan wannan, musamman ga masu aika saƙo da yawa. Ba su yi gaggawar tsananta DMARC ba. Sun fara da sa ido a kan rahotanni, suka kuma bi kamfanin da ke ba mu intanet har ya daidaita bayanin PTR, wanda ke haɗa adireshin sabarmu da sunanta.

Inda suka gaza shi ne tambaya kafin aiki. Na'urar ɗaukar hoton takardu da manhajar lissafinmu duk suna aika imel ba tare da kalmar sirri ba, kuma da aka rufe ƙofa sai suka daina aiki, rasitai suka maƙale a lokacin da ake jiransu a Tema. Sun gyara ta hanyar amince wa adireshin kowace na'ura ɗaya ɗaya maimakon buɗe wa ofishin gaba ɗaya, wanda shi ne daidai, amma da sun zagaya ofishin tun farko da hakan bai faru ba.

Kuɗin aikinsu ba shi da araha, ko da yake ban ga tsada a ciki ba. Abin da ya fi damuna shi ne ba su bar mana komai a rubuce ba sai da Alhaji mai kamfaninmu ya nace. Takardar shaidar tsaro ta sabar, wadda suka samo daga Let's Encrypt, kwana 90 take yi, kuma ko an sabunta ta sai Postfix da Dovecot sun ɗauki sabuwar kafin wayoyin ma'aikata su daina ƙorafi. Wanda zai ba su aiki, ya sa batun sabunta takardar shaidar da rubutaccen jerin dokokin a cikin yarjejeniya kafin ya biya kafin alƙalami.