Fim ɗin The Lobster: abin da na gani a kan dala ashirin

Akwai shagon da nake zuwa a bakin babbar kasuwar Garwa, a Kamaru, ana tura mini finafinai a waya. Ranar Asabar na ce wa yaron shagon na gaji da Indiya mai fassarar Hausa, ya ba ni wani abu dabam. Ya ce, "Yaya, akwai wani na soyayya, amma fa babu waƙa, babu rawa, kuma mutum biyu sun dawo mini da ƙorafi a kansa." Na biya dala ashirin, wato sefa ɗari, ya tura mini.

Fim ne na 2015, na wani ɗan Girka, Yorgos Lanthimos, an ɗauke shi a ƙasar Ailan. Ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa, irin wadda maƙwabcinmu na Chadi, Mahamat-Saleh Haroun, ya ci a 2010.

A garin da labarin ke faruwa, zama babu aure laifi ne. Duk wanda ya rabu da abokin zamansa sai a kai shi wani otal, a ba shi kwana 45 ya samo wani, in ya kasa a mayar da shi dabbar da ya zaɓa. Colin Farrell ya fito a David, wanda matarsa ta bari. Ya shigo otal ɗin riƙe da kare, karen nan kuwa ɗan'uwansa ne da wa'adi ya ƙare masa.

Abin da ya kama ni shi ne yadda kowa ke magana babu murmushi, tamkar mai karanta takardar kotu. Ranar farko ana ɗaure wa baƙo hannu ɗaya a baya, wai don ya gane biyu ta fi ɗaya. Wani gurgu kuma ya riƙa buga hancinsa a ɓoye har jini ya zubo, saboda yarinyar da yake nema mai yawan haɓo ce, kuma dole a ga sun dace. A nan na yi dariya sosai, daga baya jikina ya yi sanyi. Ƙanwata ta dawo gida bara bayan aurenta ya mutu, idda ba ta daɗe da cika ba gwaggonmu ta fara jero mata sunayen maza. Na ga yadda ta fara cewa tana son zaman ƙauye, ita da aka haifa a birni, don kawai wani mai nemanta manomi ne. Fim ɗin bai san gidanmu ba, amma ya taɓo wannan ciwon. Finafinan soyayyar da muka saba da su kan tsaya ne ranar ɗaurin aure, ba sa waiwayar wadda aka matsa wa har ta ari halin da ba nata ba.

Kashi na biyu ya ɗan ja. David ya gudu daji wajen gwagware, su kuma sun haramta soyayya, a can ne ya haɗu da wata mata, wadda Rachel Weisz ta fito a matsayinta, suka fara soyayya. Sau biyu na duba saura minti nawa. Kwafin da aka ba ni ma rubutun Faransancinsa yana makara, sai na riƙa mayarwa baya.

Kada a kunna shi a tsakar gida. Akwai wuraren da ba su dace da yara ko surukai ba, kuma abin da aka yi wa karen nan ya hana ni cin tuwon dare.

Ƙarshensa ne yaron shago ya ce mutane suka ƙi. An makantar da matar da ya haɗu da ita a daji, David ya shiga banɗaki da wuƙa zai tsiyaye nasa idon don su zama daidai, ita tana zaune tana jira, sai hoto ya ɗauke. Ni ban ji an cuce ni ba. Na kwana ina juya shi, da safe na tura wa ƙanwata. Da la'asar ta kira ni, ta ce, "Yaya, ni dai na ce bai yi ba. Kai fa?"