Daren waƙa a zaurukan Abuja: inda kuɗin tikiti ke fita da inda yake nutsewa

Wasa iri biyu ake yanka wa tikiti a Abuja da sunan daren waƙa, kuma mutane kan rikita su. Akwai wasan kwaikwayon dandamali da ake jan labarinsa da waƙa da rawa, irin wanda Bolanle Austen-Peters ta Terra Kulture a Legas ta farfaɗo da shi tun daga wasan Saro a 2013. Akwai kuma daren tunawa da mawaƙi, inda wata ƙungiya ke hawa dandamali ta rera waƙoƙin wanda ya riga mu gidan gaskiya: Fela a watan Oktoba, lokacin Felabration, bikin tunawa da shi da 'yarsa Yeni ta fara a 1998, ko Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, ko Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015. Hukuncinmu a kan duka biyun ɗaya ne. 'Yan wasan sun iya aikinsu, sai dai sau da yawa zauren da aka zuba su ciki ba don waƙa aka gina shi ba, kuma wanda bai san wannan ba yakan biya kuɗi mai yawa ya zauna a kujera mafi muni.

Manyan wasanni kan sauka a zaurukan taro ne: Congress Hall na Transcorp Hilton a Maitama, ko babbar cibiyar taro ta ƙasa da ƙasa, ƙanana kuma su nufi irin cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi a Area 10. Zauren da aka yi don jawabi da walima daɓensa shimfiɗe yake, ba hawa-hawa ba. In dandamalin bai wuce tsayin mita ɗaya ba, daga layi na goma sha biyar zuwa baya ƙeyar mutane da ɗaurin ɗankwali za ka yi ta kallo, ƙafar masu rawa kuwa sai a allo.

To ina za a zauna? Tikiti kan zo hawa uku: na gama-gari, na manya, sai tebur na mutum takwas ko goma a gaba. Teburin shi ne mafi tsada, shi ne kuma muka fi ƙi. Zagayayye ne, don haka rabin mutanen da ke kansa sun ba dandamali baya, sai sun murɗa wuya awa biyu. Ga manyan lasifikoki a jibge dama da hagu dab da kunnensu. Amon ganguna na dukan ƙirji, kalmomin waƙa kuwa sun wuce ta saman kai. Wanda ya zo a gan shi, tebur ya yi masa. Wanda ya zo ji, da shigarsa ya nemi inda mai haɗa sauti ya kafa na'urarsa, yawanci a tsakiyar zaure ko ɗan baya kaɗan, ya zauna layi biyu ko uku a gabansa. Mai haɗa sautin da kunnensa yake auna komai, daga wannan wurin, saboda haka abin da ya ji daidai kai ma shi za ka ji. A guji jikin bangon baya da kusurwa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa; a zaure mai tsawon mita 30, kafin ya bugi bangon baya ya dawo gaba an yi kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa ya dagula baiti mai sauri. Zauren da bai cika ba ya fi yin amsa-kuwwa, don jikin mutane da tufafinsu ne ke shanye sautin.

In wasan na kwana biyu ne ko uku, a bar daren farko. Hayar zaure da kwana ake biya, don haka da dare ake kafa dandamali da fitilu, kuma daren farko shi ne gwajin ƙarshe da ba a samu yi ba. A nan ne makirufon da aka manna a kumatun ɗan wasa ke shan gumi ya shaƙe, ko batiri ya mutu ana tsakar baiti, ko a ga 'yan wasa ashirin na karɓa-karɓar makirufo goma sha biyu a bayan labule, har wani ya fito yana motsa baki ba a jin komai. Ƙarar nan mai huda kunne kuwa ba asiri ba ne: mai waƙa ne ya gitta gaban lasifika, makirufonsa ya kama muryar kansa. Zuwa dare na biyu an san inda aka yi tuntuɓe.

Wuta ma abin lura ce. Mai shiri na ƙwarai a kan janareta yake fara wasa tun daga farko, ba ya jiran a ɗauke sannan a tayar. In aka canza layi ana cikin wasa, na'urar haɗa sauti da allon bango da fitilun nan masu juyawa duk sai sun sake tashi daga farko, minti ɗaya ko biyu 'yan wasa na tsaye cikin duhu.

Daren tunawa da mawaƙi ya fi buƙatar a buɗe kunne, don a nan ne ake sayar da kura da fatar akuya. Kafin ka biya, tambayi masu shirin kai tsaye: makaɗa ne za su buga, ko kiɗan da aka naɗa za a saka mawaƙi ya hau kai? Ba laifi ba ne a saka naɗaɗɗe, amma bai kamata kuɗinsu ya zama ɗaya ba. A zaure gane shi ba wuya. Ka ji amshi na tashi ba kowa a bakin makirufo, ko hannun mai ganga ya tsaya kiɗa bai tsaya ba, to kwamfutar da ke gefensa ce ke aikin.

Kwaikwayon Shata ba a babbar riga da hula yake ba, ba ma a muryar kaɗai ba. A kalangu da 'yan amshi yake. Kalangu magana yake yi: makaɗi na matse igiyoyin da ke jikinsa yana sassautawa, murya na hawa tana sauka kamar ta mutum, tana amsa abin da mawaƙi ya faɗa. In aka maye gurbinsa da fiyano mai kwaikwayon ganga, kiɗan zai tafi tsaf kamar agogo, amma ba zai tanka wa kowa ba. A lura da amshi kuma. 'Yan amshin da suka daɗe tare suna faɗowa kafin numfashin jagora ya gama sauka. Waɗanda aka tattaro shekaranjiya sai sun kalli juna. Wani abin da masu zaure ba sa kulawa da shi: fatar ganga ba ta shiri da sanyin na'ura. In aka bar kalangu awa biyu a ƙarƙashin iskar sanyi, muryarsa kan canza. Ƙungiyar da ta san aikinta a waje take ajiye kayanta sai an kira ta.

Na Ɗan Maraya ya fi wuya, don shi kaɗai yake waƙarsa da kuntigi: tsirkiya ɗaya a kan ƙaramin gwangwani da aka rufe da fata. Muryar kuntigi siririya ce, sai an kafa masa makirufo nasa na kansa, bai fi taƙi ɗaya daga tsirkiyar ba. Duk shirin da ya jibga masa gangunan bature da jita biyu don wai a cika dandamali, ya binne abin da aka zo ji.

Sai liƙi. A wasan labari babu shi, kuma hasken waya ma damuwa ne ga na baya. A daren tunawa kuwa shi ke cinye lokaci: sanƙira ya hango wani babba, a tsayar da waƙa a shiga kirari, waƙar minti takwas ta koma ta ashirin. A tuna sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun 2024 EFCC ta matsa a kai. Shirin da ya aje kwando a gefe ko ya nuna lambar asusu a allo ya fi tafiya lami lafiya.

In akwai wasan ƙarfe uku da na ƙarfe bakwai a rana ɗaya, na ukun ya fi kama lokaci, tunda dole a share zaure kafin na dare. Wasan labari kan ɗauki awa biyu zuwa biyu da rabi, da hutun kusan minti 15 a tsakiya, wanda ya isa La'asar in ka shigo da alwala. Wanda aka rubuta ƙarfe shida kuwa, yi Magariba tukuna, da wuya ka rasa komai. Mai zuwa da iyali ya tambaya tun a gida: wasannin da suka shafi Fela akwai shiga da rawar da ba kowane gida zai so yara su gani ba, kuma a wasu zaurukan ana kai giya tebur. Yara a nesanta su da lasifika. Ƙarar da ta kai desibel 100, minti 15 kawai masana lafiyar kunne suka yarje. A riƙo mayafi mai kauri ko rigar sanyi.

Tikitin intanet a ɗauki hotonsa a waya tun kafin a fito, don a bakin ƙofa sabis kan gudu, POS ma haka. Mutanen Kubwa, Lugbe, Nyanya da Mararraba su shirya motar komawa tun da rana. Ƙarfe goma da rabi na dare kowa ke kiran Bolt a lokaci guda, farashi ya haura, kuma tsayawa bakin titi a tare motar da ba a sani ba a Abuja a wannan lokacin shi ne abin da 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi, ke jira.