Jakar goyo ta gwanjo: kwana 26 daga Kano zuwa Kumasi, da yadda muka dawo

Mai gwanjon da ya sayar mini da ita a Ƙofar Wambai cewa ya yi, "Maigida, wannan sai dai kai ka gaji, ita ba ta gajiya." Na san bakin 'yan kasuwa, don haka dariya kawai na yi na ci gaba da taya ta. Yanzu da na yi kwana 26 ina goye da ita, na ratsa ƙasa huɗu na dawo, zan iya cewa rabin maganarsa gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa wani shumeka ne ya cike shi a Lome.

Jakar launin toka ce, an rubuta lita 45 a gefenta, sunan kamfanin kuma ya goge tun a hannun wanda ya fara mallakarta. Baki guda ɗaya tak gare ta, daga sama, ana zuge shi da igiya kamar bakin burgami, sannan a kifa murfi a ɗaure. Akwai aljihun raga biyu a gefe, da ƙaramin aljihu mai zif a cikin murfin, da wasu siraran ƙarafa biyu a ɓoye ta wajen baya, sai ɗamara mai soso da ake ɗaurawa a ƙugu. Kuɗinta bai kai rabin na sabuwar akwatin taya ba, kuma wannan ne dalilin farko da ya sa na saye ta, domin tafiyar gaba ɗayanta ta mai ƙaramin ƙarfi ce. Ba jirgi, ba otal mai sanyi. Fasfo ne da katin allurar shawara, sai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba.

Na zuba mata riga huɗu, wando uku, jallabiya ɗaya ta Juma'a, silifas, sabulu, cajar waya, ƙullin kilishi da garin ƙuli. Sallaya na naɗe na ɗaure a gefe. Da aka ɗora ta a sikelin mai sayar da hatsi na unguwarmu, kilo 11 ta yi. A tsakar gida ba komai ba ne kilo 11.

Kwana ukun farko na tsane ta. Daga motar dare ta Legas zuwa Mile 2, zuwa iyakar Seme, zuwa Kwatano, kafaɗuna kamar an daddatse su da gatari. Ɗamarar nan ta ƙugu na bar ta tana reto, a zatona ado ce. Daren da na kwana a unguwar Zango ta Kwatano na kira Umma ina ƙorafi, sai ta ce in kwatanta mata jakar. Da na gama ta yi dariya har da tari. "Kai da ba ka taɓa goyo ba! Wa ya gaya maka da kafaɗa ake goyo? Ɗa a kan ƙugu yake zama, majanyi ke riƙe shi." Washegari na ɗaga jakar sama kaɗan, na tamke ɗamarar a kan ƙashin ƙugu, na sassauta igiyoyin kafaɗa. Wallahi kamar an sauke rabin kayan. Ashe ƙarafan nan biyu aikinsu kenan, su tura nauyin ƙasa. Duk wanda zai sayi irin wannan jaka ya fara duba ɗamarar kafin launi, kafin yawan aljihu. In sosonta ya mutu ya lafe, a bar musu kayansu.

Daga nan na fara ganin amfaninta. A Kwatano komai a kan zemijan ake yi, wato 'yan acaɓansu masu rawayar riga. Na ga wani bawan Allah da muka tsallako Seme tare yana fama da akwatin taya: ya ɗora a kan tankin babur, direba ba ya ganin gabansa sosai, ga ƙarin kuɗin kaya. Ni kuwa ɗarewa kawai nake yi, hannuwana biyu a sake. Haka a Wida, inda na taka da ƙafa daga cikin gari zuwa bakin teku, hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen ruwa, har wurin ƙofar tunawa da aka gina a gaɓar. Tafiyar kusan kilomita huɗu ce, ga zafi, ƙarshenta kuma rairayi. Babu tayar da za ta yi maka wannan.

Amma bakin nan nata guda ɗaya tak masifa ne. A ɗaya daga cikin iyakokin da na tsallaka, wani jami'i ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya ce yana son ganin abin da ke ƙasa. To jaka ce da ba ta da ƙofar gefe, abin da ke ƙasa kuwa sai an fitar da duk abin da ke sama. Haka na zazzage rayuwata a kan tebur, har da gajeren wando da ƙullin garin ƙuli, wanda ya daɗe yana shinshinawa kafin ya yarda abinci ne. Mutanen da muke mota ɗaya suna jirana, direba yana danna ham. Tun daga ranar na koyi raba kaya cikin leda uku, in an ce fito da su in zaro ƙulli uku in mayar. Da zan sake saye, mai zif a gaba ko a ƙasa zan nema, ko da ta fi tsada.

Ruwa ma yana shigarta. Ledar rufin da ake haɗo irinsu da ita ta ɓace tun kafin ta iso Kano, ni kuma ban san ma akwai ta ba sai da na ga ta wasu Turawa. Ruwan bakin teku ba irin namu ba ne da za ka ga hadari ya taso daga gabas ka nemi mafaka. Kana tafe za a kece. Babbar baƙar leda ta zama ruwan dare a wajena, ina shimfiɗa ta ciki kafin in zuba kaya. Bayan rigata kuwa kullum sharkaf da gumi, don jakar manne take da baya, ba hanyar iska.

A Lome igiyar kafaɗar dama ta tsinke. Ina sauka daga mota na fizgo ta da hannu ɗaya, sai ji na yi ɓarat. Na rungume ta kamar buhu ina ta dube-dube a gefen babbar kasuwa, sai na ji ƙwanƙwasar akwatin katako, irin wadda kowa ya sani. Na yi masa sallama da Hausa kawai don gwaji, ya amsa. Mutumin Tawa ne, daga Nijar. Ya zauna a kan akwatinsa, ya juya wurin, ya ce, "Malam, zaren ne ya tsufa, ƙyallen lafiya lau yake." Ya zaro basilla da zaren nan mai kakin zuma na ɗinkin takalmi, ya saka ɗan guntun fata ta ciki, ya yi ɗinki murabba'i sannan ya gicciya shi. Ban roƙe shi ba ya ce in kawo ta hagun ma, "don 'yar'uwarta ce, tare suka tsufa." Muna hira yana ɗinki, har ya gaya mini inda zan samu tuwo da miyar kuka da daddare. Na ba shi sefa ɗari biyar yana cewa ya yi yawa. Wannan ɗinkin har yau shi ne wuri mafi ƙarfi a jikin jakar.

Daga Lome zuwa Gana ba tafiya ba ce, iyakar Aflawo a bakin garin take. Mota ta sauke ni a tashar Tudu a Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa su sa ka ji kamar ba ka yi nisa ba: Tudu, Fadama, Sabon Zango. Na yi kwana biyu a wani masaukin 'yan yawon buɗe ido mai araha, ɗaki ɗaya mutum shida, gado mai hawa biyu. A nan wani aibin ya fito: jakar ba ta da inda za a saka kwaɗo. Igiya ce, kowa na iya kwancewa. Ba a taɓa mini komai ba, amma fasfo da kuɗi a cikin rigar matashin kai suka riƙa kwana, barcin kuma rabi da rabi. Daga baya na koma unguwar Nima wajen wani ɗan'uwan abokina, inda da safe ake karyawa da koko da ƙosai, da rana a ci wake da shinkafar da suke kira waakye, a naɗe cikin ganye.

A cikin turoturo, ƙananan bas ɗinsu na haya, lita 45 ita ce iyaka. Tana zama a kan cinya, da ƙyar. Sau ɗaya na yarda yaron mota ya jefa ta a but a hanyar Elmina, garin da Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482, sai ta fito tana ƙarnin kifi, ƙarnin da ya bi ni har Kumasi. A kasuwar Kejetia ta Kumasi kuwa, saboda cunkoso, gaba na mayar da ita kamar mai tsohon ciki.

Niyyata ta farko in dawo ta arewa, ta Tamale da Wagadugu da Yamai in ɓullo ta Maraɗi, don kakana ya sha ba mu labarin fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro. Halin tsaro ya sa na janye. Hanyar da na bi na sake bi.

A nan ne jakar ta gaza, kuma ba laifinta ba ne. Wanda ya ƙera ta ya yi ta ne don mutumin da zai koma gida da abin da ya fita da shi, sai hotuna. Bahaushe kuwa ba ya dawowa haka. Tun ina Akra ƙanwata ta fara turo saƙo a WhatsApp: "Yaya, Umma ta ce sabulun Gana. Gwaggo ta ce atamfa ko turmi ɗaya ne. Ni cakulan." Kafin in bar Kumasi jerin ya kai mutum goma sha ɗaya, har da maƙwabcin da ban gaya wa zan yi tafiya ba. Kuɗin da na yi ta tattali ta hanyar kwana a gado mai hawa biyu, a tsaraba ya tafi. Na danna, na tattaka, murfin ya ƙi rufuwa. Ƙarshe dai na sayi jakar nan mai zane-zanen ja da shuɗi da muke kira Gana-mas-go, wadda ta samo sunanta daga korar baƙi da gwamnatin Shagari ta yi a 1983. Wani dattijo a Zangon Kumasi da ya gan ni da ita ya yi murmushi ya ce, "Yaro, mu ma an kori namu daga nan a 1969, zamanin Busia, sai dai ba a sa wa jaka sunanmu ba." Haka na fito daga Gana, goyo a baya, Gana-mas-go a ka. Duk 'yancin hannu biyun da nake taƙama da shi ya ƙare. Zemijan biyu na riƙa ɗauka.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda jakar ta fi jawo mini ido a ƙasata fiye da waje. A Gana da Togo an saba ganin masu irinta, ana ɗaukarka baƙo mai yawo. A hanyar Legas zuwa Kano kuwa, saurayi mai gemu da ƙatuwar jakar goyo shi ake fara nunawa a shinge. Sau uku ana sauke ni, ba wanda ya kula Gana-mas-go ɗin. Na gode Allah da ban ɗauki mai launin kakin soja da mai gwanjon ya fara miƙo mini ba. Kada wanda ya kuskura ya saye ta, komai arha.

Na iso gida bayan la'asar. Yara suka yi wa Gana-mas-go ca, jakar goyon kuwa aka bar ta jingine a zaure kamar ba da ita aka yi tafiyar ba. Kwana uku ana zuwa yi mini barka da dawowa, tambayar kuma ɗaya ce: "Me aka je sarowa?" In na ce ba komai, gani kawai na je yi, sai a yi shiru, a ce "To, Allah ya sa an dace," da irin muryar da ake yi wa wanda ake zargin ya ɓoye wani abu. Kawuna har gefe ya ja ni ya ce in gaya masa gaskiya, ko mata na je nema a Zango. Ni kuma mako guda ina farkawa da asuba da tunanin wace tasha zan nufa, sai in tuna ba inda za ni sai shago.

Ga mai tafiyar ƙasa ta mako biyu zuwa wata guda, mai hawa babur da ƙananan motoci, gwanjo irin wannan ta wadatar, ba sai ya zubar da kuɗin kwana biyar a kan sabuwa ba. Ya dai kai ta wajen shumeka a ƙara ɗinkin igiyoyin tun a gida, ya kuma ja kowane zif sau goma a gaban mai kaya. Mai zuwa saro kaya ko ziyarar dangi da tsaraba niƙi-niƙi, wannan ba tasa ba ce.

Sai da na wanke ta sau biyu da omo na shanya a rana kwana uku kafin ƙarnin kifin Elmina ya fita. Aljihun ragar hagu ya yage, ban gyara ba. Yanzu tana hannun ƙanena da zai tafi sansanin bautar ƙasa. Na nuna masa yadda ake ɗaure ɗamarar, ya ce ya ji, amma da ya fita na hango ta tana reto a bayansa.