Wane irin wake ya kamata manomi ya saya kafin damina?

Duk wanda ke noman wake a ƙasar Kano, Jigawa ko Katsina ya san cewa babban abokin gabarsa shi ne wuta-wuta, wadda ke maƙale wa saiwa ta tsotse shukar tun kafin ta yi fure. Saboda haka ne nake fifita SAMPEA 14, irin da aka fitar a 2011 bayan aikin IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Yana jure wuta-wuta, yana nuna cikin kimanin kwana 75, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri ba ya barin mai gona hannu rabbana. Ƙwayarsa fara ce, ɓawonta na saurin saɓulewa idan an jiƙa, abin da masu ƙosai da alale ke dubawa kafin su taya kwano.

SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta aka fitar a 2019, yana rage yawan feshin tsutsar da ke huda kwanso, amma ba ita ce matsalar gonata ba. Kanannado kuwa, irinmu na gida, yana jinkirin nuna, sai dai ƙwayarsa manya ce kuma yana ba da harawa mai yawa. A ware masa ko da kunya goma ne. IITA na adana nau'in wake fiye da 15,000 a Ibadan, amma irin gida a hannun manoma yake rayuwa.

Inda ake cutar mutane shi ne wurin saye. Wasu 'yan kasuwa suna auno waken ci, su barbaɗa masa jan kala domin ya yi kama da wanda aka yi wa magani, su ƙulle a leda mai tambari. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da irin wannan, rabinsa bai tsiro ba, wanda ya tsiro kuma kowane tushe da kamarsa. Kada a sayi irin da aka zuba a faranti ana aunawa. A nemi shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, a kankare lambar da ke jikin ledar a tura ta waya domin tantancewa, sannan a duba shekarar da aka samar da irin. Kafin shuka, a jera ƙwaya ɗari a jiƙaƙƙen buhu na mako guda; idan waɗanda suka tsiro ba su kai tamanin ba, a mayar wa mai shago kayansa tare da rasit.